Idon Zakara: Kwansonsa, Ƙwayarsa da Sunayen da Aka Laƙaba Masa

Idon zakara tsiro ne mai yaɗo daga dangin wake da gyaɗa da ɗorawa, wanda masana tsirrai ke kira Abrus precatorius. Ba ya iya tsayawa shi kaɗai. Siririn reshensa yakan nannaɗe duk abin da ya samu kusa, danga ce ko zana ko wata bishiya, ya yi ta hawa har ya ninka tsayin mutum sau biyu ko uku, gindinsa kuma yana ƙara tauri shekara bayan shekara har ya koma itace. Ganyayensa ƙanana ne, a jere biyu-biyu a kan tsinke guda, kamar na tsamiya, sai dai sun fi su laushi. Furensa ma ba abin a zo a gani ba ne: 'yan ƙananan furanni irin na wake, a cure wuri ɗaya, launinsu tsakanin fari da ruwan hoda zuwa shunayya mai haske. Mutum zai iya wuce shi a jikin danga duk tsawon damina bai ko waiga ba.

Sai ruwa ya ɗauke tsiron ke nuna kansa. A yankin Mubi, inda damina kan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kwansunan kan nuna da kaka, su bushe da shigowar hunturu. Kowane kwanso gajere ne, bai cika wuce santimita uku zuwa huɗu ba, da ɗan tsini a baki, kuma sukan fito da yawa a tattare kamar yatsun hannu. Idan ya bushe sai ya tsage ta gefe, ɓangarorinsa biyu su murɗe baya, cikin ya fito fili. A nan ne ƙwayoyin suke, uku zuwa bakwai, kowacce ba ta kai ƙwayar wake ba, ja wur mai sheƙi kamar an shafa mata fenti, da baƙin tabo a gefen cibiyarta. Abin da ya ƙara wa tsiron daraja wajen masu lambu shi ne ƙwayoyin ba sa zubewa da wuri. Sukan zauna manne da busasshen kwanson makonni, wani lokaci watanni, bayan ganye ya kaɗe, ƙurar hunturu ta mai da komai toka-toka, su kaɗai ne ja a jikin shinge.

Wannan ja yaudara ce ga tsuntsu. 'Ya'yan itatuwan da tsuntsaye ke ci galibi ja ne ko baƙi, da tsoka mai zaƙi a jiki. Ƙwayar idon zakara ta ɗauki launin, amma babu tsokar. Tsuntsu ya haɗiye ta bai ƙaru da komai ba, ita kuwa ɓawonta mai tauri ya kare ta har ta fita da kashi a wani wuri, ta tsiro. Shi ya sa ake yawan samun tsiron a ƙarƙashin bishiyoyi da cikin sarƙaƙiya da bakin rafi, wuraren da tsuntsaye ke sauka, ba tare da kowa ya shuka ba. Irin wannan wuri yana da yawa daga gaɓar kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi zuwa gindin duwatsun Mandara a gabas.

Sunan Hausa daga ƙwayar aka samo shi: ja da ɗigon baƙi, kamar idon zakara idan ya karkata kai yana kallo. Bahaushe ba shi kaɗai ya ga ido a cikinta ba. Larabawa suna ce mata ainud-dik, wanda ma'anarsa daidai take da ta Hausa, suna kuma ce mata ainul-ifrit, idon ifiritu. Yarabawa suna cewa oju ologbo, idon kyanwa. Ibo suna cewa anya nnunu, idon tsuntsu. Ɗaya daga cikin sunayenta a Turancin Ingilishi yana nufin idon ƙaguwa. Daidaituwar sunan Hausa da na Larabci takan sa a yi zaton aro ne, kuma hakan ba abin mamaki ba ne idan aka duba yawan kalmomin magani da suka shigo Hausa ta hannun malamai. Amma sunayen Yarbanci da na Ibo sun nuna cewa ba sai an yi aro ba; duk wanda ya ɗora ƙwayar a tafin hannu zai ga tana kallonsa, abin da ya rage kawai shi ne ya zaɓi dabbar. A wasu sassan ƙasar Hausa kuma akwai wani sunan daban, tandara, wanda ba a cika ji ba yanzu kamar idon zakara.

Wani rukunin sunayen daga aikin da ake yi da ƙwayar ya fito. Tana da tauri, girmanta kusan ɗaya, launinta ba ya koɗewa, don haka aka daɗe ana huda ta ana shirya ta a zare. Kiristocin Katolika sun yi carbin addu'a da ita, shi ya sa wani sunanta na Ingilishi ke nufin waken carbi. Sunan kimiyyar ma daga nan yake, domin precatorius a Latin yana nufin abin da ya shafi addu'a. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fara sanya tsiron cikin wani jinsi daban a 1753 da sunan Glycine abrus, sannan a 1767 ya ba shi sunan da ake amfani da shi yau. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1763, Bafaranshe Michel Adanson ya ware Abrus a matsayin jinsi mai zaman kansa. Adanson ya zauna shekaru a Senegal yana tattara tsirrai, kuma shi ne aka sa wa kuka sunansa a kimiyyance, Adansonia. A tsibirin Tirinidad ana ɗaura wa yara ƙwayar a hannu don kau da kambun baka da miyagun iskoki, sunanta a can ma da iskokin yake da alaƙa. A Sin sunanta yana nufin ƙwayar bege, irin begen da masoya ke yi wa juna. Kalmar jekwiriti, wani sunan ƙwayar, da ta bazu a littattafan likitanci na Turai kuwa daga harsunan mutanen asali na Barazil ta fito, ta bi ta bakin Turawan Fotugal.

A Indiya sunan na awo ne. Ana ce wa ƙwayar gunja, ana kuma ce mata ratti, daga wata kalmar Sansikirit mai nufin ja. Maƙeran zinariya da masu sayar da duwatsu masu daraja sun yi ɗaruruwan shekaru suna auna kaya da ita, har ratti ya zama sunan ma'auni. Ratti 8 ne masha ɗaya, masha 12 kuma tola ɗaya, wato ratti 96 ke nan a tola. Masu sayar da turare a kasuwannin Arewa sun san tola sarai, ko da ba su san a ƙarshen lissafinta akwai idon zakara ba. Da aka tsayar da tola a giram 11.66, ratti ya kama kusan giram 0.12. Ƙwayoyin na gaske ba su kai haka daidaito ba, wata ta fi wata, ɗanya ta fi busasshiya, amma a kasuwar da babu sikelin zamani sun isa a yi ciniki a rabu lafiya. A Afirka ta Yamma ma an yi haka. Mutanen Asante na ƙasar Gana ta yau sun riƙa auna garin zinariya mafi ƙanƙanta da wannan ƙwaya, suna ce mata damma, kuma ƙasarsu ce fataken Hausa suka riƙa nufa ta Gwanja da Salaga neman goro. Ƙiraɗi da ake auna zinariya da shi a duniya ma asalinsa ƙwayar wata bishiya ce ta ƙasashen Bahar Rum.

A tsakiyar Nijeriya ado aka fi yi da ita. Ƙabilun Koro da Angas suna shafa ƙaro a jikin hulunan dodanni da kayan rawa, su jera ƙwayoyin ɗaya kusa da ɗaya har abin ya zama ja gaba ɗaya, kuma irin waɗannan kayayyaki suna ajiye a gidajen tarihi a Nijeriya da Turai. A wasu wurare cikin ƙoƙo ko gora ake zuba su don kaɗawa.

Wani rukunin sunayen kuma ya bar ƙwayar ya koma ga ganye. Wanda ya tauna ɗanyen ganyen idon zakara zai ji zaƙi mai daɗewa a harshe. Yarabawa suna da suna na musamman ga wannan, omisinmisin. Faransawa, waɗanda harshensu ke aiki da zarar an tsallaka iyakar Kamaru daga Mubi, suna kiransa liane réglisse, wato yaɗo mai zaƙin wata saiwa da Turawa ke yin alewa da maganin tari da ita. A 1989 masu bincike suka ware sinadaran da ke kawo zaƙin, suka sa musu suna abrusosides, suka kuma gano sun ninka sukari zaƙi sau 30 zuwa 100. Ganyen ne aka fi amfani da shi a maganin gargajiya a Afirka ta Yamma, musamman don tari da ciwon maƙogwaro da gyambon baki. Masu haɗa kayan mata a ƙasar Hausa ma suna yawan ambaton ganyen idon zakara cikin haɗe-haɗensu.

Akwai wani suna da bai yi tsawon rai ba. Ganyayen tsiron suna motsi: da dare su sunkuya su haɗe, da safe su buɗe, idan rana ta yi zafi su karkata. Wajen ƙarshen shekarun 1880 wani mutumin Biyana mai suna Nowack ya yi iƙirarin cewa da wannan motsi za a iya sanin yanayin gobe, har da girgizar ƙasa, aka yi ta kiran tsiron da shukar hasashen yanayi. Lambun Kew da ke Landan ya sa aka gwada, rahoton da ya fito a 1890 kuma ya nuna haske da zafi ne kawai ke juya ganyen, ba shi da labarin gobe.

Matsalar sunan gari ita ce ba ya tsayawa kan tsiro ɗaya. A Hausa akan ce wa 'ya'yan minjirya ma idon zakara, saboda su ma ja ne. Minjirya, wadda masana ke kira Erythrina senegalensis, bishiya ce mai ƙaya a jiki, ganyenta uku-uku manya, furenta ja ƙwarai, yana fitowa da rani lokacin da ba ta da ganye. Ana dasa rassanta a yi shinge da su. Kama da wane ba ta wane. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce kwanso. Na minjirya dogo ne, a matse tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar an tsinke carbi an rataye, ƙwayarsa kuma ja ce duka, da 'yar farar cibiya, babu baƙin tabo. Na idon zakara gajere ne, shimfiɗaɗɗe, a tattare, ƙwayarsa da baƙin goshi. Ko a cikin idon zakaran kansa akwai bambanci. A 1970 masanin tsirrai Bernard Verdcourt ya raba shi gida biyu, na Afirka da na Asiya, kuma da kwanso ya raba su: na Afirka yana da kaushi da ƙananan ƙuraje, na Asiya ya fi santsi. Akan kuma sami irin da ƙwayarsa fara ce fat ko baƙa, inda sunan idon zakara ba ya ma dacewa da abin da ke hannu.

Wanda ya fara tattara sunayen tsirrai na Hausa da tsari, yana haɗa su da na kimiyya, likita ne ɗan Sikotilan, John McEwen Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Ingila. A 1910 ya wallafa bayani kan tsirran lardin Yola, a lokacin da Mubi take hannun Jamus cikin ƙasar Kamaru. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill ya sake faɗaɗawa daga 1985. Har yau a kan wannan aiki ake gina yawancin jerin sunayen. Amfaninsa ya fi fitowa a gari irin Mubi. A Sabon Layi da sauran unguwannin garin ana zaune ne da Fulani da Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Hausawa, kowa da harshen gidansu, amma a gaban mai magani a kasuwa Hausa ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Idan suna ɗaya yana nufin ganye mai zaƙi, yana nufin ƙwayar tsiron, yana kuma nufin ƙwayar wata bishiyar daban, to wanda aka aika ya sayo idon zakara zai iya dawowa da kowanne cikin ukun. Haɗin da aka ji a bakin ƙawa ko aka karanta a WhatsApp sau da yawa ba ya fayyace ganye ake nufi ko ƙwaya.

Bambancin kuwa na rai da mutuwa ne, domin ƙwayar idon zakara tana ɗauke da ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a tsirrai. Abin lura ne cewa cikin tarin sunayen nan, ido da carbi da awo da zaƙi da bege, da wuya a sami wanda ya yi gargaɗi, in ban da na ifiritu. Sunan gubar abrin. Furotin ce mai ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya yana manne wa jikin ƙwayar halitta ya buɗe hanya, ɗayan ya shiga ya lalata wurin da ƙwayar halittar ke ƙera furotin ɗin da take rayuwa da shi. Idan ƙirar ta tsaya, ƙwayar halittar ta mutu. Haka gubar 'ya'yan zurma ke aiki, wadda ake kira ricin, sai dai abrin ta fi ta ƙarfi.

Ɓawon nan mai tauri shi ne ke tsakanin mutum da gubar. Busasshiyar ƙwaya da aka haɗiye ba a tauna ba galibi takan fita yadda ta shiga, shi ya sa yara da yawa suka yi wasa da ita, wasu ma suka haɗiye, ba abin da ya same su, kuma shi ya sa mutane ke raina haɗarin. Idan aka tauna ta, ko aka daka, ko aka huda don zare, ko ɗanya ce ɓawonta bai yi ƙwari ba, labari ya sha bamban. Ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai tana iya halaka yaro. Alamun ba sa zuwa nan take. Akan yi sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya zuwa uku, kafin amai da gudawa da murɗar ciki su fara, gudawar takan zo da jini, ruwan jiki ya ƙare, daga baya hanta da ƙoda su taɓu. Wannan jinkiri yakan sa iyaye su ɗauka wata cutar ce daban. Babu makari. Abin da asibiti ke yi shi ne rage gubar da ke cikin ciki idan an zo da wuri, da ƙarin ruwa, da kula da gaɓoɓin jiki har su farfaɗo, kuma da yawa cikin waɗanda aka kai da wuri suna tashi. Kai ragowar ƙwayar ko kwanson wurin likita ya fi faɗin suna amfani, saboda suna ɗaya yana iya nufin abubuwa daban-daban. Dabbobi ma ba su tsira ba, dawakai sun fi saurin kamuwa, kuma a Indiya zamanin mulkin Ingila an sha gurfanar da mutane kan kashe shanun wasu da wannan guba don su sami fata.

Likitancin Turai ya taɓa gwada amfani da ita. A Barazil ana jiƙa ƙwayar a wanke ido da ruwan don maganin amosanin ido, wanda likitoci ke kira tarakoma. A 1882 likitan ido Louis de Wecker ya shigo da hanyar birnin Faris. Ruwan yakan haddasa kumburi mai tsanani wanda wani lokaci ke share yanar da ta rufe ido, wani lokaci kuma ya tafi da idon gaba ɗaya, don haka aka watsar da ita. Da farko an zaci wata ƙwayar cuta ce a cikin ruwan ke kawo kumburin, sai a 1884 Warden da Waddell a Kalkata suka nuna guba ce ta cikin ƙwayar kanta. Babbar fa'idar ta zo ta wata hanya. A 1891 Bajamushe Paul Ehrlich ya riƙa ba ɓeraye abrin da ricin kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, har suka iya jure abin da zai kashe ɓeran da bai saba ba. Ya gano cewa ɓeran da ya saba da abrin bai sami kariya daga ricin ba, wato jiki yana ƙera wa kowace guba garkuwarta daban, kuma uwa tana miƙa wannan garkuwa ga 'ya'yanta ta nono. Wannan yana cikin tubalan ilimin garkuwar jiki, fannin da ya kai Ehrlich ga kyautar Nobel a 1908.

Kyawun ƙwayar har yanzu yana rinjayar sanin haɗarinta. A watan Disamba na 2011 wani shahararren lambun masu yawon buɗe ido a kudu maso yammacin Ingila, Eden Project, ya roƙi mutane su dawo da awarwaron da suka saya a shagonsa, bayan an gano da idon zakara aka yi su. An shigo da su ne daga Peru.

Shuka shi a gida ba wuya. Yana son rana da abin da zai hau, yana jure fari da zarar saiwarsa ta yi nisa, kuma kamar sauran dangin wake yana ƙara wa ƙasa taki. Ƙwayar takan daɗe ba ta tsiro ba saboda taurin ɓawo, shi ya sa masu lambu ke jiƙa ta ko su kankare ta kafin shuka, aikin da ke fito da gubar fili, wanda bai dace da hannu mai rauni ko wurin da ake girki ba. Cire shi ne ke da wahala. Idan aka sare shi daga sama saiwar takan sake tofo, tsuntsaye kuma suna ta kai irin gaba. A jihar Fulorida ta Amurka, inda aka kai shi don ado, yanzu yana cikin jerin tsirran da suka fi mamaye dazuzzuka suna danne na asali. A Afirka gida yake, ba ya yin irin wannan ɓarna. A gidan da akwai yara masu rarrafe ko awaki a ɗaure, masu son ganyen kan tsinke kwansunan tun suna kore kafin su tsage, su ƙona su ko su binne da zurfi. Masu son adon kuwa sukan yanko reshen da kwansunansa a buɗe, su rataye shi sama inda hannun yaro ba ya kai, kuma a inuwa ƙwayoyin kan riƙe jansu shekaru.